Neman shawara: ƙarfen ƙara tsawon bayan Hilux don ɗaukar katako da fayif

Abu Sadik (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu harkar ƙarfe da walda ku taimaka min da shawara. Hilux ce da ni gamara biyu (mai kujerun gaba da na baya), da ita nake zirga-zirgar aikin kafinta da ɗan gyaran famfo, to bayanta gajere ne, mita ɗaya da rabi ne, in na sauke ƙofar baya ya kai wajen mita 2 shi ke nan. Katakon da nake saye kuma mita 4 ne, fayif ɗin ruwa mita 6. Tun da aka fara rusau a Jidda a 2021 aka kwashe unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil mutanenmu suka watsu, aiki ya zama yau kana Harazat gobe kana Hamdaniyya, kuma in ka ce saboda katako goma sha biyar sai ka ɗauki dina (babbar motar ɗaukar kaya) to wallahi ribar ta tafi a kuɗin mota. Na ga wani a sana'iyya (unguwar masu sana'ar hannu) ya soka wani ƙarfe a wurin jan tirela, ya fito baya kamar mita ɗaya sannan ya miƙe sama ya yi T, kaya na kwanciya a kai. Irinsa nake so in haɗa. Wane ƙarfe zan saya, kauri nawa, tsawo nawa, kuma zai ɗau fayif mita 6? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Shari Mansur (Makka):
Wa alaikumus salam. Abu Sadik ni dai tawa shawarar ka bar wannan magana. Dina nake ja, kullum ina kan hanya tsakanin Makka da Jidda, abin da nake gani na masu wanit (ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya irin Hilux) da dogon kaya ba daɗin faɗa. Abin da za ka kashe a ƙarfe da walda, ka haɗa da mukhalafa (tara) ɗaya in murur ('yan sandan hanya) suka tare ka, ya isa kuɗin dina sau da yawa. Ka tara sayayyarka ka ɗauko gaba ɗaya ka ajiye, khalas.

Abu Sadik (Jidda):
Alhaji in ajiye a ina? Ɗaki biyu nake haya a hawa na uku. Da ina da wurin ajiya ai da ban zo nan ba.

Baba Haddadi (Jidda):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaro abin yana yiwuwa, na haɗa wa mutane kuma suna aiki da shi lafiya, amma kafin maganar kauri ka fara leƙa ƙarƙashin motarka ka gaya min abin da ke wurin. Hilux da yawa a ƙasar nan ba su zuwa da bakin jan tirela na gaske, wannan mai rami kusurwa huɗu na inci 2 wanda aka ɗaure da shasi hagu da dama. Wasu ƙwallo ne kawai a jikin bamba. In ƙwallon bamba ne da kai to kar ka soma, bamba ba zai riƙe ba, lanƙwashewa zai yi ƙasa ranar farko. Sai ka je tashlih (kasuwar kayan tsofaffin motoci) na Briman ko shagunan kayan adon mota ka nemi wanda aka yi don irin motarka, a ɗaure shi da bol a ramukan da kamfani ya bari a shasi, bol mai lamba 8.8 a kansa ko sama da haka. Kar ka yarda wani ya ce bari ya manna maka shi da walda a jikin shasi, zafin wuta na canza ƙarfen wurin, daga baya nan yake tsagewa, ga tankin mai kusa.

In wannan ya samu, sauran aikin yini ɗaya ne. Tiyub mai kusurwa huɗu 50 da 50, shi ke shiga ramin inci 2 da ɗan sarari kaɗan. Kauri mili 4, ba na sa ƙasa da haka a wanda zai kwanta. Tsawo daga bakin ramin zuwa inda zai miƙe sama kar ya wuce mita 1.2. Ka huda shi daidai ramin fin, fin ɗin mili 16 ne, ka sayi na asali mai makulli, kar ka soka guntun rodi. A ƙarshensa ka tsayar da guntun tiyub 60 da 60 mai kaurin mili 4, cikinsa 52 ke nan, sandar T ɗin 50 da 50 za ta riƙa shiga tana fita a ciki, ka yi mata ramuka kowane santi 5 yadda za ka ɗaga ko ka sauke. Kan T ɗin faɗin mita 1.3 ya isa, ko fallen filawud 122 da 244 zai zauna, kowane gefe ka tsayar da ɗan kunne santi 20 kar kaya ya zame, ka kuma sa zobe na ɗaure bel.

Mahaɗar da kwantaccen ya gamu da tsayayyen nan ne ran abin. Walda kaɗai ba ta isa ba, sai ka sa farantin ƙarfe mai kusurwa uku, mili 5 ko 6, gefe biyu.

Abu Sadik (Jidda):
Baba Allah ya ƙara girma. Na leƙa, akwai ramin, wanda na saya a wurinsa ne ya sa, kuma da bol aka ɗaure. To amma mili 4 ɗin nan ba zai yi nauyi ba? Ina da ragowar tiyub mili 2 na wata ƙofa da muka yi, na so in yi amfani da shi.

Injiniya (Yanbu):
Yaya Abu Sadik dan Allah kar ka sa mili 2, bari in yi maka lissafin ka gani da idonka. Bakin jan tirela an yi shi ne don nauyi ya sauka kan ƙwallo, ƙwallon kuma bai fi santi 20 daga bakin ramin ba. Kai yanzu za ka kai nauyin mita 1.2, yaani nisan ya ninka sau shida, to murɗawar da wurin zai ji ita ma sau shida ce. Ka ɗau bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, ruwan bai ƙaru ba amma kafaɗa ta san bambanci. Kilo 100 a kan T ɗin, bakin ramin da bol ɗinsa suna jin murɗawa irin ta kilo 600 a kan ƙwallo.

Tiyub 50 da 50 mai mili 2, da kilo 100 a wannan nisan, mota a tsaye ma ya kusa kai iyakar da ƙarfen gama-gari yake fara lanƙwasa ba ya dawowa. Mai mili 4 yana wajen rabin iyakar. Me ya sa ake son rabin? Saboda matab, wato tudun rage gudu na kan titi. Duk lokacin da tayar baya ta hau matab ta sauka, kayan na tashi su faɗo, nauyin da ƙarfen ke ji a wannan daƙiƙar zai iya ninkawa biyu. Ka san yawan matab ɗin cikin unguwanni. Don haka maganar Baba daidai ce, 4 ko ma 5 in ka samu. Nauyinsa ba wani abu ba ne, mita ɗaya na mili 4 bai kai kilo 6 ba. Na kamfani da ake sayarwa ma da yawansu wajen kilo 160 aka rubuta a jikinsu, na gida kuwa ni ba zan wuce 100 ba.

Ɗan Shari Mansur (Makka):
To kun gani. Kilo 100. Katako nawa ne kilo 100? Duk wannan wahala a kan kilo 100?

Injiniya (Yanbu):
A'a Alhaji, ba kayan ne gaba ɗaya kilo 100 ba, abin da zai sauka kan T ɗin ne. Farin katako 5 da 10 mai mita 4 wajen kilo 10 ne, guda ashirin kilo 200. Tambayar ita ce nawa ke kan bodi nawa ke kan T. Kuma a nan ne mutane ke kuskure. Ka auna daga gaban bodi, bayan gamara: bodi ya ƙare a mita 1.5, ƙofa a sauke ta kai wajen 2, T ɗin zai faɗo wajen 2.7. Tsakiyar katako mai mita 4 tana daidai mita 2, yaani a leɓen ƙofa, shi ya sa in babu komai a baya yake lilo, ka taka birki ko ka hau gada sai gabansa ya ɗaga. Da T a 2.7 tsakiyar ta shiga ciki, ya zauna daram, santi 130 ne kawai ke rataye a baya.

Amma in ka ɗaga T ɗin ya fi ƙasan bodi tsawo, ko da santi biyu ne, katakon ba ya taɓa bodi sai can gaba, ya zama wuri biyu kawai yake zaune, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin T ɗin ne zai ɗauka, kilo 150 cikin 200 ɗin nan. In kuma ka sauke shi ƙasa sosai, leɓen ƙofa ne zai sha, ita kuma ƙofar ƙananan ƙarafa biyu ne ko waya ke riƙe da ita. Abin da ake so su daidaita, ka ɗora katako ɗaya miƙaƙƙe ka duba ya kwanta a bodi ya kuma taɓa T. Ramin santi 5 in bai faɗo daidai ba ka cike da ɗan katako ko roba a kan T ɗin. Buhun siminti da akwatin kayan aiki duk su je gaba kan katakon, su danne shi.

Bakano (Madina):
Mashaa Allah, muna ƙaruwa. To fayif mita 6 fa? Shi ya tambaya kuma ba wanda ya amsa. Ni ma abin da ya dame ni ke nan, tsani da fayif.

Baba Haddadi (Jidda):
Mita 6 ba ya kwanciya a ƙasa a gamara biyu, ko da T ko babu. Injiniya ya ba ku awo, T na 2.7, tsakiyar fayif na mita 3, to ta riga ta fita bayan T, fiye da rabinsa na waje. Sai dai ta sama. Shi ya sa nake yi wa mutane sanda biyu, gajeriya da doguwa. Doguwar tana kai T ɗin daidai tsawon rufin gamara, sai a yi wani ƙarfe a bayan gamara da aka ɗaure a gefen bodi, ya ɗan fi rufin tsawo, in da hali a ƙara sanda ɗaya a kan rufin. Motar kanta ta fi mita 5, fayif ya bi ta kanta, gaba ya leƙa kan bonet kaɗan, baya ya fita kaɗan. A wannan yanayin ma ba ka buƙatar kwantaccen ya yi tsawo, ka yi masa rami na biyu ko ka yanka wani gajere daban.

Amma na roba da na aluminiyam da tsani nake nufi, da tiyub mara nauyi guda huɗu biyar. Nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana. Kuma doguwar sanda dole ka ja bel biyu daga kunnuwan T zuwa kusurwoyin bodi, in ba haka ba tana kaɗawa hagu da dama har waldar gindin ta gaji.

Rodi kuwa mita 12 yake zuwa, kar ma a yi maganarsa. Ko dai mai sayarwa ya yanka maka ko ka kira irin su Alhaji da dina.

Ɗan Shari Mansur (Makka):
Yauwa Baba, ko ni mita 12 sai an naɗe shi biyu nake ɗauka. Mili 12 guda ɗaya ya fi kilo 10, mutum ya ga siriri ne ya ɗora talatin, ya manta ya haura kilo 300 kuma yana santsi. Wani abu da ba ku faɗa ba shi ne hawa da gangara. Ku a Jidda ƙasa a shimfiɗe take, mu nan unguwanni a kan dutse suke, ka fito daga lungu mai gangara ka hau titi, duk abin da ya fito mita ɗaya a bayan mota a ƙasa-ƙasa sai ya daki kwalta. Haka shiga gidan mai ko fakin na ƙarƙashin gini.

Baba Haddadi (Jidda):
Gaskiyarka Alhaji. Shi ya sa ba na barinsa a miƙe sak. Bayan ya fito daga ramin da kamar santi 25 nake yanka in ɗaga shi sama, ƙarshen ya fi farkon tsawo da santi 15 zuwa 20, mahaɗar a rufe ta da faranti gefe biyu. Sai dai a auna da ƙofa a sauke kar ta zauna a kansa. A kuma lura da taya sifiya da ke ƙarƙashi da bakin salansa.

Maman Hanan (Jidda):
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri ba harkata ba ce ƙarfe, amma sai na yi magana. Watannin baya muna dawowa da daddare ta hanyar Haramain, maigida na tuƙi yara na baya, wani mai wanit a gabanmu da dogayen ƙarafa, babu tsumma babu fitila babu komai, baƙin ƙarfe cikin duhu. Ya rage gudu, maigida na kallon fitilar motarsa yana ganin akwai tazara, ashe ƙarafan sun kusa gilashinmu. Allah ne ya tsare. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Malam Abu Sadik neman halal kake yi Allah ya taimaka, amma dan Allah ka tuna na bayanka fitilarka yake kallo, ba ya ganin kayan. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce babu cuta babu cutarwa.

Abu Sadik (Jidda):
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. In sha Allah wannan ba zan yi wasa da shi ba. Jan ƙyalle nake ɗaurawa dama, amma na dare ban san yadda zan yi ba.

Injiniya (Yanbu):
Mai sauƙi ne Yaya. Tef mai ƙyalli ja da fari, irin na jikin tireloli, ka manna a kan T ɗin da gefensa. Sannan ƙananan fitilu ja na 12 bolt ka ɗaura a kan T, mai wayarin ya ja maka daga fitilar baya da soket yadda in ka cire ƙarfen za ka cire wayar, birki da sigina duk su kama. Ƙarshen kayan kuma, tunda ya wuce T da fiye da mita, ƙyalle ja babba da rana, da dare fitila ja mai batir irin ta masu keke. In za ka iya ma ka bar ɗaukar dogon kaya da dare.

Sai kwana. Duk abin da ke bayan tayar baya, in ka karya hagu shi dama yake sharewa. Ƙarshen katakonka ya fi mita 3 daga tayar baya, a wurin juyawa zai iya shiga layin wani ko ya daki motar da aka faka. Ka riƙa buɗe kwana, ka duba madubi biyun.

Bakano (Madina):
Ɗaurin ma a kula. Ina ganin mutane da igiyar roba shuɗiya, zafin ƙasar nan na cinye ta, ka ja ta tsinke. Bel mai ƙugiya da ake matsewa shi ne, aƙalla uku, gaba da tsakiya da kan T. Fayif kuma a fara naɗe su dami guda kafin a ɗaure da mota, in ba haka ba na tsakiya ke sulɓewa. Ka yi tafiyar minti goma ka tsaya ka sake matsewa, kullum za ka tarar ya saki.

Ɗan Shari Mansur (Makka):
Har yanzu maganar murur na nan. Yi wa jikin mota gyara ko ƙari da zai canza kamanninta ba tare da izini ba mukhalafa ce, rufe lamba mukhalafa ce babba, kayan da ba a ɗaure ba ma haka. Kuma mu baƙi ne, igama (katin izinin zama) ce a aljihunmu, ba ma son abin da zai kai mu ofis. Sannan motar sunan wa ke kan istimara (takardar rajistar mota)? In ta mu'assasa (kamfani) ce sai kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka, ya sani tukun.

Abu Sadik (Jidda):
Sunan mu'assasa ne Alhaji, kuma na yi masa maganar, ya ce in dai ba za a taɓa jikin motar ba babu damuwa.

Baba Haddadi (Jidda):
Shi ya sa fin ne ke riƙe da shi ba walda ba. Ka gama sauke kaya ka zare fin ka jefa ƙarfen a bodi, mota ta koma yadda take, ranar fahas (gwajin lafiyar mota) ma ka bar shi a gida. Kar ka yi yawo da shi babu kaya, mutane na tafiya a ƙasa za su buge ƙafa, kai ma za ka manta da shi ka yi ribas. Maganar lamba kuma gaskiya ce, bayan ka ɗora kaya ka koma baya taku goma ka duba ana karanta ta ko a'a, in ƙyalle ko bel ya sauko kanta ka gyara. Iya tsawon da aka yarda kaya ya fita kuwa ka je ofishin murur da kanka ka tambaya, kar ka ɗauki maganar bakin titi.

Waldar kuma a ƙasa za a yi ta, ba a jikin mota ba. Sandar walda 7018 in mai waldar ya iya ta kuma busasshiya ce, a goge bakin ƙarfen ya yi gangare kafin a cika. Baƙin tiyub za ka saya, ba mai farin rufi na galbanaiz ba, hayaƙinsa na sa zazzaɓi kuma waldar ba ta kyau sai an kankare. Ka san iskar Jidda da gishiri, in ba ka shafa jan fenti na hana tsatsa ka bi da fenti biyu ba, kafin shekara ya fara ci. Ka toshe bakunan tiyub ɗin amma ka bar ɗan rami a ƙasa ruwa ya riƙa fita.

Injiniya (Yanbu):
Ƙari ɗaya Baba, sararin da ke tsakanin tiyub 50 da ramin inci 2 yana sa shi ƙara da girgiza, kuma girgizar tana faɗaɗa ramin fin. Akwai ɗan maƙalin U mai noti biyu da ake sayarwa don haka, ko a haɗa shi da hannu. Kuma kafin ya hau titi ya gwada a tsaye, mutum biyu su tsaya kan T ɗin su ɗan yi tsalle, a auna tsawonsa daga ƙasa kafin da bayan, in ya sauka bai dawo ba to ba a gama aiki ba.

Abu Sadik (Jidda):
Na rubuta duka. Tiyub 50 mili 4, guntun 60, faranti mili 6, fin 16, bel uku, tef da fitila. Mili 2 ɗin zan bar shi. Baba in ba damuwa in kawo motar wurinka ka auna da kanka, na fi natsuwa.

Baba Haddadi (Jidda):
Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Kar ka sayi tiyub tukun, mita 6 suke sayar da shi kuma ba duka za ka ci ba, ina da guntaye a shago sai mu ga abin da ya rage. Ka taho da katako ɗaya mai mita 4 cikin irin wanda kake ɗauka, da shi za mu daidaita tsawon T ɗin. Ka kuma kwance bol ɗaya na bakin jan tirelar ka duba lambar kansa kafin ka zo, tunda ba kai ka ɗaura ba.

Bakano (Madina):
Abu Sadik in an gama ka turo mana hoto da awon, musamman wurin da aka ɗaga shi sama. Tawa gamara ɗaya ce, bodin ya kai mita 2.3, ina so in ga ko santi 80 zai ishe ni maimakon mita 1.2.